Yara 19 da lambar layi ta ɓatar mini

Har yau idan na buɗe fayil na ci karo da kwalam ɗin nan, wato jerin da ke sauka daga sama zuwa ƙasa a teburin bayanai, mai suna _index sai gabana ya faɗi. An daɗe da gyara ɓarnar, amma ni ban gama hucewa ba.

Ƙarshen watan Agustan 2023 ne, tsakiyar damina, lokacin da hatsin rumbu ya ƙare kuma sabon gero bai shigo gida ba. Ƙungiyar da nake wa aiki ta tura masu tattara bayanai gida-gida a wasu mazaɓu na wata ƙaramar hukuma a Jihar Jigawa, suna auna damtsen yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 don a san inda tamowa ta fi ƙamari. Suna cika fom a waya da manhajar tattara bayanai ta KoboCollect, su tura idan sun samu sabis. Ni kuma ina ofis, na haɗa allon rahoto a manhajar Power BI wanda ke janyo bayanan kai tsaye daga sabar Kobo, wato ma'ajiyar intanet da fom ɗin ke sauka. Kullum da safe oga da jami'an lafiya suna buɗe allon su ga yara nawa ne suka faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, nawa ne rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, a kuma wace mazaɓa.

Cire amsoshin da ba su cancanta ba aikina ne, kuma na san shi. Akwai fom ɗin da aka tura sau biyu, akwai gidan da maigida bai yarda ba amma aka ci gaba da cikawa, akwai ranar da wata tawaga ta ɓata hanya ta shiga wani ƙauye da ba ya cikin yankin da aka zaɓa, ta auna yara 40 a can. Waɗannan ba su ba ni wahala ba.

Shekaru ne suka ci mini lokaci. Yawancin yaran ba su da takardar haihuwa, katin rigakafi ma ba kowa ke da shi ba, don haka da kalandar abubuwan da suka faru ake aiki. Mun yi sa'a iyakokin biyu sun dace da abin da kowa ke tunawa. Yaron da aka haifa bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, lokacin wahalar canjin kuɗi, da ƙyar ya cika wata shida. Wanda kuma aka haifa kafin Babbar Sallar 2018, wadda ta faɗo a watan Agusta, ya riga ya cika shekara biyar. Duk da haka sai ka ga an rubuta wata 6 a gurbin shekaru, a bayanin ƙasa kuma mai cika fom ya sa "an haife shi cikin azumi", alhali azumin 2023 a ƙarshen Maris ya fara. Ban taɓa ganin laifin iyaye mata a nan ba. Uwa tana ganin jaririnta yana ramewa, ta ji cewa shiga takarda ne ke kawo maganin tamowa, me kake so ta ce? Sai dai ma'aunin 115 da 125 ba na jaririn da bai kai wata shida ba ne, kuma idan ya shiga lissafi zai karkatar da adadin. Irin waɗannan mukan cire su daga ƙidaya, mu tura sunayensu asibiti daban, domin cirewa daga lissafi ba ta hana yaro samun magani.

Da na gama tantancewa yara 87 ne suka fita. Na yi abin da nake ganin shi ne daidai: ban goge kowa ba. Na buɗe wani shafi na Excel, na jera lambar kowane yaro da dalilin cire shi, na haɗa shafin da babban tebur a Power Query, sashen Power BI da ake tace bayanai, ta hanyar Left Anti, yadda duk wanda lambarsa ke cikin jerin ba zai hau allo ba. Har na ji daɗin kaina, don na taɓa ganin masu bin layi ɗaya-ɗaya suna gogewa da hannu, washegari allo ya sabunta duk su dawo.

Lambar da na yi amfani da ita ce matsalar. A fom ɗinmu gida ɗaya fom ɗaya ne, yaran gidan kuma suna cikin sashen da ake maimaitawa, don haka idan aka sauke bayanai yara suna fitowa a shafinsu daban. A shafin nan kwalam na farko da ido ke faɗawa a kai mai kama da lambar shaida shi ne _index: 1, 2, 3, har ƙasa. Shi na ɗauka. Ban tsaya na tambayi kaina daga ina lambar take fitowa ba. Ashe lambar jeri ce kawai, wadda ake bugawa sabuwa duk lokacin da aka fitar da bayanai. Ba ta manne wa yaro.

Kwana biyu bayan haka na tuna akwai fom 11 na gwaji da aka tura ranar horarwa, suna can saman sabar da sunaye irin su "Gwaji Gwaji". Tuni na tace su ta kwanan wata, ba sa hawa allo, ba su tsare wa kowa komai ba. Amma ina son wuri ya yi tsaf. Ni da bakina na ce wa abokin aikina ya goge su daga sabar, ya kuma goge. A cikin fom 11 ɗin nan akwai yaran ƙarya 19. Da suka fita, duk wani yaro da ke ƙasansu ya matsa sama da layi 19. Yaron da ke lamba 300 jiya ya koma 281, wani daban kuma ya gaji 300. Jerina na nan yadda na bar shi, yana ta cire lambobi 87, amma yawancin masu lambobin sun canza.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na duba. Washegari na buɗe allo na ga jimilla ba ta motsa ba. An cire 87 jiya, an cire 87 yau, ragowar adadi daidai yake. Na rufe kwamfuta hankalina kwance. Jimilla ba za ta taɓa nuna irin wannan kuskure ba, tunda yawan waɗanda aka cire bai sauya ba, mutanen ne suka sauya. Da ina da ƙaramin akwati ɗaya a allon mai nuna mafi ƙanƙantar shekaru da mafi girma, da a safiyar nan na ga jariri ɗan wata huɗu zaune cikin lissafi.

Kwana tara allon ya yi a haka. A cikin kwanakin aka yi taron tsara fitar tawagar tafi-da-gidanka da rabon katan-katan na Plumpy'Nut, wato abincin gyaɗa na maganin tamowa, kuma da allona aka yi shi. Mazaɓar da aka ga ja ya yi kaɗan a cikinta aka sa ta ƙarshen layi.

Hajiyar da ke riƙe da asibitin mazaɓar ce ta kira ni, ranar Talata bayan la'asar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ina wuni. Don Allah allon nan naku, yaran rugar da ke bayan fadama suna ciki kuwa?"

Na ce, "Suna ciki, Hajiya, duk an saka su."

Ta ce, "To ni dai ina tare da 'yan awon ranar. Da hannuna na murɗa tef a damtsen wasu. Ja ɗin da na gani a ruga ɗaya ya fi abin da allonku ya ba mazaɓar gaba ɗaya."

Na fara yi mata bayanin cewa wataƙila wasu shekarunsu ne ba su kai ba, ta katse ni a hankali: "Masu tafiya da ƙafarsu ne, Malam." Daga nan na yi shiru, na ce ta ba ni zuwa dare.

Ban kai dare ba. Na ɗauko tsohon fayil ɗin da na sauke ranar da na haɗa jerin, Allah ya taimake ni ban share shi ba, na ajiye shi gefen sabo. Lamba ɗaya na duba na ga sunaye biyu daban, zufa ta karyo mini duk da fankar da ke kaina. Yara 40 na ƙauyen da aka shiga bisa kuskure a jere suke, saboda tawaga ɗaya ce ta turo su lokaci guda. Da layi ya matsa, 19 daga cikinsu suka dawo allo, sai gurbin ya haɗiye yara 19 na tawagar da ta turo nata bayanan bayansu. Tawagar Hajiya ce. Cikin 19 ɗin, bakwai ja ne. Sauran 47 da ke warwatse kuwa, waɗanda na cire saboda shekaru ko maimaici, sun koma cikin lissafi, wasu yaran da ba ruwansu suka fita a madadinsu.

A daren na kira oga na faɗa masa komai, ban ce sabar ce ta yi ba, ban ce abokin aikina ne ba. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni ko yaran sun samu takardar turawa asibiti. Sun samu, domin ƙa'idarmu duk yaron da ya faɗa ja ko aka ga kumburi a ƙafafunsa biyu, a nan take ake ba uwarsa takarda, ba a jiran allo. Wannan ne kaɗai ya sa na iya runtsawa. Amma takarda daban, zuwa daban. A damina, da ruwa kwance a fadama, macen da ke da goyo da aikin gona ba lallai ta iya ratsowa ba, shi ya sa ake fitar da tawaga ta je ta same su. Tawagar nan kuwa lissafina ne ya jinkirta ta.

Gyaran bai ɗauki awa uku ba, kuma wannan ma wani ciwon ne. A shafin yara akwai kwalam mai suna _submission__id, wanda ke ɗauke da lambar da sabar ta ba fom ɗin gidan tun ranar da ya shigo, ba ya sauyawa don an goge wani fom. Na haɗa shi da lambar yaro a cikin gidansu, wadda dama muna tambaya a fom, ya zama kowane yaro yana da shaidar da babu mai irinta. Da tsohon fayil na mayar da lambobin 87 zuwa sabuwar shaida. Kwalam ɗin yana nan tun farko, can wajen ƙarshen shafi ta dama, inda sai ka ja linzami kafin ka gan shi.

Yanzu duk wanda ya zo mini da maganar tace bayanai, abin da nake fara tambayarsa shi ne da wace lamba ya san mutumin da zai cire. Idan ya ce lambar layi, ko ta Excel ce ko _index, sai na zaunar da shi na ba shi labarin nan tun daga farko. Ina kuma sa shi ya yi gwajin da ni ban yi ba: ya sauke bayanai yau, ya cire fom ɗaya a kwafin gwaji, ya sake saukewa, ya ga ko lambar tana nan a kan mai ita. A jerin cirewa kuma ban ƙara yarda da lamba tsirara ba. Dole a sa shekaru da mazaɓa da awon damtse a gefenta, allon ya riƙa kwatanta su da abin da ke sabar, idan suka saɓa ya nuna jan rubutu a sama.

Gogewa daga sabar kuwa na haramta wa kaina ita muddin aiki na gudana. Kobo na da wurin sa wa fom alamar an amince, ba a amince ba, ko an jingine, kuma wannan ya wadatar. Fom na gwaji ya zauna da alamarsa har a rufe aiki. Son tsaftar da bai amfani kowa ba ne ya jawo mini duk wannan, kuma har yanzu idan na ga "Gwaji Gwaji" a saman jeri hannuna yakan yi ƙaiƙayi, sai na tuna muryar Hajiya.

Mun ɗan yi jayayya da oga kan wani shafi da na ƙara a allon, mai nuna yara nawa aka cire a kowace mazaɓa da dalilin cirewa. Yana ganin zai sa masu ba da tallafi su ɗauka aikinmu cike yake da kurakurai. Na dage, domin da shafin yana nan tun farko, Hajiya za ta ga an cire 19 a mazaɓarta da sunan "ba sa cikin yanki", kuma a rana ta farko za ta kira, ba a rana ta tara ba. Ya bar shi, da sharaɗin jami'an lafiya kaɗai ke buɗe shi.

An sake tsarin fita, mazaɓarta ta dawo ta biyu a layi, sai dai tawagar ta isa rugar kusan mako biyu bayan lokacin da ya kamata. Na tura wa Hajiya sunayen yaran bakwai da na iyayensu, na kuma ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Malam, Allah ya kiyaye gaba." Bayan kwana uku ta sake kira ta ce biyar dama sun zo da takardunsu tun makon farko, na shida tawaga ta same shi a gida an fara ba shi magani. Ta bakwai, yarinya 'yar wata goma sha huɗu, an ce iyayenta sun tashi da shanu sun yi arewa. Hajiya ta ba wani ɗan sa-kai lambar wayar kawun yarinyar, ni ma na riƙe ta, mun yi ta kira tsawon watan Satumba ba ta shiga ba.