Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da aka ce a rufe Kelly

Makon jiya na tsaya inda na samu takardar zama ɗan ƙasa, aka ɗauke ni aiki a sansanin sojan sama na Kelly da ke San Antoniyo a jihar Texas. Ni ba soja ba ne, bakanike ne. Injin TF39 na C-5, ƙaton jirgin dakon kayan soja, muke kwancewa, injin da sai da tsani ake kai hannu samansa. Yawancin abokan aikina 'yan asalin Meziko ne, wasu tun iyayensu a nan suke cin abinci.

Watan Yunin 1995 muna tsakiyar aiki labari ya iso: kwamitin rage sansanoni ya sa Kelly da McClellan na Kalifoniya cikin waɗanda za a rufe. Dattijon da ya koya mini aiki ya ajiye sifana, ya goge hannu da tsumma, ya fita bai ce uffan ba.

Da daddare na kira Hajiya a Katsina. Ta yi shiru, can ta ce, "To ɗan nan, aikin gwamnati ma ƙarewa yake yi?"

Shugaba Kilinton ya sa hannu, amma da zaɓen 1996 a gabansa, sai ya ce aikin ba zai tashi ba, kamfanoni za a damƙa wa a nan inda yake. Mu dai mun ji daɗin maganar. 'Yan majalisar Oklahoma da Yuta da Jojiya kuwa suka ce ba su san zancen ba, don ma'aikatun gyaran jihohinsu na jiran wannan aiki, ga kuma doka da ta ƙayyade kason da za a iya bai wa 'yan kwangila. Aka koma takara tsakanin ma'aikatun gwamnati da kamfanoni. A 1997 gyaran gangar jikin C-5 ya tafi Jojiya. Namu injin ya zauna, amma a hannun kamfani.

Nan fa ake yin ta. Ko ka bi gwamnati wata jiha ka tsira da shekarun fanshonka, ko ka zauna ka zama sabon ma'aikaci a bencin da ka tsufa a kai. Na kwana uku ina lissafi a bayan ambulan. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, sau nawa za mu yi hijira? Mun baro gida sau ɗaya, ya isa." Ga yara a makaranta, ga bashin gida.

Na zauna. Ranar farko mai gadin ƙofa, wanda muka shekara tara muna gaisawa, ya karɓi sabon katina ya juya shi gaba da baya, ya dube ni, sannan ya ɗaga sandar.

Yadda muka kwashe da albashin farko, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.