Amaryar da Ba Ta Cin Tuwo: Kurakuran da Na Tafka Wajen Sayen Jita da Amfilifaya

Daren da na shigo da jitata ta lantarki, Stratocaster, ɗakinmu na haya a Agege ban runtsa ba. Ko kaɗa ta ban yi ba. Jingina ta na yi da bango, na zauna bakin katifa ina haska ta da tocilan waya, don an ɗauke wuta tun magariba. Wajen ƙarfe biyun dare uwargida ta farka ta gan ni zaune, ta ce, "Maigida, kishiya aka yi mini ban sani ba?" Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan amaryar ba ta cin tuwo. Ta ce, "Ai ta riga ta cinye na wata takwas." Ban iya musu ba, adashina na wata takwas ne ya tafi a kanta.

Ku ƙannena da kuke tare ni a Mile 12 ko bayan sallar Juma'a kuna tambayar wace jita za ku saya, da ku nake. Kada kowa ya ruɗe ku cewa wai in mutum ya samu abin da ya daɗe yana buri sai daɗin ya gushe. Ni dai nawa bai gushe ba. Har yau in na buɗe jakarta na ji ƙanshin katakon nan, sai in ji kamar an yi mini albishir. Sai dai kafin in kai ga wannan daɗin na yi asarar da ba ta da dalili, kuma ba na so ku bi sawuna.

Ina ɗan saurayi na zo Legas dakon albasa. Wasu Buzaye masu gadi a unguwarmu ne suka fara tura mini kiɗan Agadas a waya, irin wanda jitar lantarki ke ja gaba, tana kuka tana zagayawa wuri ɗaya har ka manta inda kake. Tun daga ranar na kamu. Ranar da babu kasuwa sai in hau mota in tafi Alaba, in bi layin masu kayan sauti ina leƙe, aljihuna babu ko sisi. Har masu shaguna suka gane ni, wani yakan ce, "Malam ɗan kallo ya iso." A gida kuwa ban isa in faɗa ba. Kun san yadda ake kallon makaɗi a wajenmu, mahaifina zai ce na bar sana'a na koma roƙo.

Kuskurena na farko shi ne jira. Na sa wa raina ba zan taɓa jita ba sai Fender ko Gibson, saura duk tarkace ne. Shekaru suka yi ta wucewa ina haddace sunaye, na san Stratocaster ta Fender ta fito a 1954, Les Paul ta Gibson a 1952, amma yatsuna ba su san komai ba. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zagaya duniya da kiɗansa, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke ya yi tsirkiya. Ni kuwa ina nan ina jiran ta Amurka. Da tun a lokacin na sayi Yamaha ƙarama ko Squier, wadda kamfanin Fender ne da kansa yake yin ta don masu ƙaramin ƙarfi, da kafin babbar ta zo yatsuna sun yi kanta, kunnena ya buɗe. Ku sayi abin da aljihunku ya kai yau, ku fara koyo. Kan yatsa zai yi zafi kamar an ɗana masa wuta na wasu makonni, sannan ya daina.

Da kuɗi suka ɗan taru sai na faɗa rami na biyu. Wani dillali ya kira ni ya ce an sauke kaya, akwai Les Paul ta gaske, mai ita yana cikin matsi. A bayan but ɗin mota ya nuna mini ita da yamma, tana sheƙi, ga suna ɓaro-ɓaro a kanta. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da na san ana sayarwa ba, maimakon in tsorata sai na ɗauka rabona ne ya rantse. Bayan kwana uku na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa, Bayarabe ne amma ya zauna Kano, Hausa a bakinsa rangaɗaɗau. Bai ko ɗauke ta daga kan tebur ba. Ya nuna ɗan murfin da ke saman wuyanta kusa da makunnin tsirkiya ya ce, "Yaro, ƙirga kusoshin nan." Na ce uku. Ya ce, "Ta Gibson biyu gare ta." Ya kwance murfin ya nuna mini cewa ta gaskiya noti ne na tagulla a ciki, wannan kuwa rami ne na ɗan makulli mai kusurwa shida. Jikina ya yi sanyi. Dillali kuwa layinsa bai sake shiga ba. Araha ba ta ado, an faɗa tun da.

Abin haushin ma shi ne da Epiphone na nema, wadda ita ce 'yar ɗakin Gibson, da na samu ta halal da kuɗin nan har da canji. Sunan ne ya rufe mini ido. Saboda haka in za ku saya, ku je da wanda ya fi ku sani, ko da za ku biya masa kuɗin mota da na shayi. Ku saya da rana, a shagon da gobe za ku iya komawa. Ku sa a jona ta ku ji kowace tsirkiya a kowane gida na wuyanta tun daga sama har ƙasa, ku murɗa duk makunnan ku ji ko suna ƙarar yashi. Stratocaster ɗin da na samu daga baya da dattijon nan muka je. Ta hannu ce, ƙirar Meziko, fentinta ya goge a inda hannu ke gogawa. Ya ce kada gogewar ta dame ni, alama ce mai ita na da ya ji daɗinta.

Yanzu ga wanda har yau in na tuna sai na yi tsaki. Burina a amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jita sauti, shi ne Fender Twin Reverb. Wat 85 gare ta, lasifika biyu masu inci 12, nauyinta ya kusa kilo 30, kuma ba irin na zamani ba ce, kwalaben gilashi ne a cikinta waɗanda masu gyara ke kira bawul, sai sun yi zafi sun yi ja take magana. Na samu tokumbo, wato ta hannu, wadda ta fito daga Amurka kai tsaye. Ni da wani ɗan ɗakinmu muka hau da ita bene muna nishi. Na ga filoginta mai baki faffaɗa ne, ba ya shiga soket ɗinmu mai ramuka uku, sai na aiki yaro ya sayo mini adafta a bakin titi. Na soka. Na danna makunni. Fitila ta kawo, na ji wani gurnani daga ciki, sai warin roba da ƙonannen fenti ya cika ɗaki, hayaƙi na fita ta baya siriri kamar turaren tsinke. Duka-duka ba a yi minti ɗaya ba.

A bayanta, daidai inda waya ta shiga, an rubuta 120V. Ban karanta ba. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230, kusan ninki biyu ke nan na ɗura mata. Adafta baki kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Abin da ake buƙata taransifoma ce mai sauke wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da amfilifayar ke ja sosai, kuma abin da take ja a rubuce yake a baya, ba wat 85 ɗin nan na sauti ba ne. Da fiyus ɗinta na asali ne a ciki, da wataƙila shi kaɗai zai tsinke in tsira. Amma da dattijo ya buɗe sai ya tarar wani ya taɓa naɗe fiyus ɗin da takardar gwangwanin sigari. Taransifomar ciki ta ƙone ƙurmus. Wata huɗu tana shagonsa muna jiran a kawo wata, kuɗin gyaran kuwa ya isa ya sayi ƙaramar amfilifaya sabuwa fil.

A shagon nan na koyi abubuwan da ba a faɗa wa mai saye. Na kai hannu zan taɓa cikinta, tunda a cire take daga wuta, ya doke mini hannu da bayan sukudireba. Ya ce akwai wasu 'yan gwangwanaye a ciki da ke riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare filogi, suna iya kashe mutum. Ya ce kada in kuskura in kunna mai bawul ba tare da lasifika a jone ba, kuma in zan haɗa ta da wata lasifika in duba lambar da ke jikinta, 4 ce ko 8 ko 16, ta dace da abin da amfilifayar ke so. Ya kuma ce in ina kiɗa na ji tsirkiya tana ɗan cizona, in ajiye nan take, gidan ne ba shi da wayar da ke sauke wuta ƙasa, kuma gidajen haya da yawa haka suke. In wutar unguwarku tana hawa da sauka, ko da janareta kuke aiki, ku sa sitabilaiza a tsakani.

To an gyara, na dawo da ita gida ina taƙama. Sai ga wata sabuwa. Gidanmu irin na Legas ne, ɗaki na kallon ɗaki, tari ma in ka yi maƙwabci ya ji. Na murɗa ta zuwa biyu, kwanukan uwargida suka fara rawa a kan kanta. Kafin in kai uku jaririn maƙwabta ya tsala kuka, baba mai gida ya hau bene da zani ɗaure a ƙugu yana tambaya ko coci na buɗe masa a gida. Twin Reverb don dandali aka yi ta, inda za ta yi gogayya da ganguna. Ni kuwa ɗaki ɗaya gare ni da labule. Shekara guda ta yi a kusurwa an lulluɓe ta da zani, uwargida na ɗora fulas ɗin shayi a kai.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne lissafin wat ba kamar na buhun albasa ba ne. Wat 100 ba ta ninka wat 50 a kunne, ɗan ƙari ne kawai. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai ƙarfi ya ninka wajen sau goma. Ke nan mai wat 15 ma ta ishi ɗaki har ta yi yawa. A ƙarshe na sayar da ita ga wasu masu kiɗan biki, da faɗuwa, na sayi Boss Katana mai wat 50 wadda ke da makunnin da ake sauke ta zuwa rabin wat, ga kuma ramin sa abin kunne. Masu son bawul za su ce na sauka daga doki na hau jaki. Su faɗa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A wata ukun farko na kaɗa jita fiye da duk shekarar da waccan ta yi a ɗakina.

Sai iskar Legas. Damshin teku ba ya raga wa ƙarfe. In ka gama kiɗa da gumi a hannu ka ajiye, ba a jimawa tsirkiya za ta yi tsatsa ta dushe. Ku ajiye tsumma busasshe a jaka, ku goge kowace tsirkiya sama da ƙasa duk lokacin da kuka gama, ku jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin takalmi. Kada a jingina jita da bangon da ke jiƙa da damina. Ni akasin haka ma ya same ni: na tafi gida biki da hunturu, na ɗauki ƙaramar jitata ta katako wadda ba ta lantarki ba don in burge abokai. Katakon da ya saba da damshin Legas ya sha busasshiyar iska kwana goma, bakin ƙarafan wuyanta suka fito suna yankar hannu, fuskarta ta tsage daga gadar tsirkiya zuwa ƙasa. Wuyan jita kuma in ya lanƙwashe akwai sandar ƙarfe a ciki da ake ɗaurewa ko sassautawa, amma rubu'in zagaye kawai ake yi a jira a gani. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa mai gyara.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba. Kada ku ci bashi, kada ku taɓa jari, kuma ku faɗa wa iyali gaskiyar abin da kuka kashe. Na taɓa rage wa uwargida kuɗin amfilifaya da rabi, ranar da mai gyara ya kira ita ta ɗaga wayar.

Jabun Les Paul ɗin nan tana nan ban yar ba. Dattijo ya canza mata maganaɗisun ɗaukar sauti, ya goge bakin ƙarafan, ni kuma na manna sitika a kan sunan don kada wata rana a cuci wani da ita. Ɗana na fari yake koyo da ita yanzu. Jiya bayan isha'i na zauna da Stratocaster a cinya, Katana a rabin wat, shi yana gefe yana bin abin da nake yi, yana kuskure gida ɗaya yana komawa. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, gabana ya faɗi na ce baba mai gida ne. Ashe maƙwabcinmu ne, uban jaririn nan da na taɓa tayarwa, wanda yanzu har ya shiga firamare. Ya ce, "Malam, ɗan ƙara mana kaɗan, ba ma ji sosai daga waje."