Abin da wuƙar sassaƙa ta koya min a rumfar Kawu

Shekara uku na yi ina koyon sassaƙa a rumfar kawuna nan Aboabo, Kumasi, muna yin allo da muciya da ƙotar fartanya, wani lokaci har turmi in an kawo oda. Ran da na fara zuwa na ɗauka gizago za a miƙo min, sai Kawu ya ajiye min dutse da ruwa a gwangwani ya ce in wasa wuƙaƙe. Sati biyu cur ina wannan, har na kai ƙara wajen Mma wai an mai da ni bawan dutse.

Ni a tunanina wuƙa mai kaifi ita ce abin tsoro. Ashe dakusasshiya ce mugu, don ita sai ka danna da ƙarfi, in ta kuɓuce kuwa duk ƙarfin nan da ka sa da shi za ta tafi, kuma ba ta tambayar wa ke gaba. Na taɓa hawa trotro, wato motar haya, zuwa Ahwiaa inda Asantawa ke sassaƙa kujerun sarauta da itacen sese, na ga wani dattijo yana aiki yana hira, ɓawon itace na faɗowa siriri kamar ana fere doya, ko kaɗan ba ya yunƙuri. Kuma hannunsa na hagu kullum yana bayan wuƙar, bai taɓa zuwa gabanta ba.

To wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Wata Alhamis wani malamin makaranta ya ba mu odar allo 30, magariba ta kusa, haske ya ragu, ni kuma na gaji ina so in gama na ƙarshe in je in sayi waakye, wato shinkafa da wake. Na ji wuƙar ta fara ja amma na ce bari in ƙarasa tukuna. Na ɗora allon a cinya, abin da Kawu ya hana ni tun ranar farko saboda akwai babbar jijiyar jini a cikin cinya, na riƙe da hagu, wuƙa ta ci karo da ƙulli a itacen, na ƙara ƙarfi, sai ji na yi tsat a gindin manuniyata. Wallahi da farko ko zafi babu, fari na gani a ciki sannan jini ya ɓalle.

Nan fa likitocin unguwa suka taru. Makanikin da ke kusa da mu ya rugo da man birki, wata mai koko ta ce a zuba toka, wani ya ce garin taba. Kawu ko kallonsu bai yi ba, ya ciro hankici mai tsabta ya danne wurin, ya ɗaga hannuna sama da ƙirjina ya ce, “Kai yaro, riƙe nan, in ka leƙa sai na mare ka.” Minti 10 ba ɗagawa, da jini ya jiƙa hankicin sai ya ɗora wani a kai bai cire na farko ba. Ya zare min zoben azurfa ma kafin yatsa ya kumbura, ni ko tunawa da shi ban yi ba.

Da jinin ya lafa muka wanke da ruwan sachet, sai muka ga bakin ciwon a buɗe yake ba ya haɗuwa, Kawu ya ce wannan ba na filasta ba ne, muka nufi asibiti. Nas ɗin ta sa na lanƙwasa yatsan na miƙe, ta taɓa kansa ta ce ina ji ko ya mutu, don in jijiyar motsi ko ta ji ta yanke to aikin ya wuce ɗinkin fata. Allah ya taimake ni, ɗinki 4 kawai. Ta tambayi yaushe rabona da allurar tetanus, na yi zuru, ta ce ciwo mai zurfi ko mai datti in an wuce shekara 5 sai an sake, aka caka min a kafaɗa. Ta kuma ce in na ga kumburi na ƙaruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, in dawo kada in tsaya shafa komai.

Yanzu benci nake ɗora aiki, ina yanka kaɗan-kaɗan ina bin hanyar itace, in na zo ƙulli in zagaye shi. Akwai safar hannu da na saya a kasuwar Kejetia ta hannun hagu, abokai na min dariya, su ta shafa. Akwatin gwangwani kuma yana nan ƙarƙashin benci da bandeji da filasta da sabulu.

Allon nan na 30 malamin ya ƙi karɓa saboda jinin ya shiga itacen, yana rataye a rumfa har yau, ƙanena ne ke rubuta bashin kwastomomi a bayansa.