Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gonar da Na Sayar

A makon jiya na tsaya ne a inda na rufe shagon awo na cikin garin Kura, na kuma yi alkawarin cewa yau zan shiga maganar injin casa. Zan shiga, amma dole in fara da gonar, domin babu yadda za a yi in ambaci injin nan ban ambaci abin da aka sayar aka saye shi ba. Har yau da nake wannan rubutu akwai 'yan uwan da idan suka gan ni a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, gonar ce take fara faɗo musu a rai kafin sunana.

Gonar eka biyu ce da 'yan kai, rabona daga gadon mahaifina Malam, kuma tana bakin ɗaya daga cikin magudanan da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga. Wanda ba ɗan yankinmu ba ne da wuya ya gane nauyin wannan magana. Tun da aka gina Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka shimfiɗa aikin noman rani na Kadawa, duk gonar da ruwa yake isa gare ta ta zama mai haihuwa sau biyu a shekara: shinkafa da damina, alkama ko tumatir da rani, a kwashe tumatirin a kai Kwanar Gafan. Mutum yana iya sayar da saniya ko babur, har ma da fili a bakin titin Zariya, babu mai tanka masa, amma ranar da ya sayar da gonar ruwa ta gado, sai a fara tambayar ko lafiyarsa ƙalau.

Da labari ya kai kunnen Baffa, sai ya aika a kira ni bayan sallar isha'i. Na same shi a zaure a kan buzunsa, na durƙusa na gaishe shi, ya daɗe yana jan carbi bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ɗana, na ji abin da kake shiryawa. Wanda ya sayar da gona ya sayi ƙarfe, tsatsa zai bar wa 'ya'yansa gado." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa, na yi shawara, na yi istihara." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ya ɗauki butarsa ya shige cikin gida ya bar ni a durƙushe.

Abin da ban iya faɗa masa a daren ba, saboda ba a jayayya da ƙanin uba a zaurensa, shi ne abin da shekarun shagon awo suka koya mini. Ba ɗanɗano ne ya kayar da shinkafarmu a kasuwa ba, domin duk wanda ya ci jamila sabuwar casa ya san ta fi wadda ta yi wata da watanni a cikin jirgin ruwa daga Tailan ko Indiya. Tsakuwa ce ta kayar da ita. Manomi yana bugun shinkafa a ƙasa, mata masu gumi su jiƙa samfarera a ruwan zafi ta kwana, su turara ta a ganga, sannan a shanya ta a tsakar gida ko a gefen titi, kuma a kowane mataki ƙasa da tsakuwa suna shiga. Ƙananan injinan da muke da su a lokacin ɓuntu kawai suke cirewa, su kakkarya ƙwayar, su bar tsakuwa a inda suka same ta. Akwai wata Hajiya, matar wani ma'aikaci, da ta taɓa dawo mini da tsakuwa cike da murfin kwano, ta ajiye a kan teburin shagona ta ce, "Malam, ga ragowar kuɗina, ka auna mini." Daga ranar ba ta sake sayen 'yar Hausa a wurina ba, sai 'yar gwamnati, ko da kuwa ta fi tsada. Matar da za ta ɓata awa guda tana rege kafin ta ɗora tukunya ba za ka ga laifinta ba idan ta gudu.

Injin cire tsakuwa na fara gani ne a wata masana'anta a Sharaɗa, inda wani abokina yake aikin gadi. Aikin injin ba shi da wani sihiri: faranti ne mai ƙananan huji da aka ɗan karkata shi, yana girgiza, iska tana hurowa daga ƙasa, sai shinkafa da ba ta da nauyi ta taso ta gangara gefe guda, tsakuwa kuwa ta lafe a jikin farantin tana hawa sama har ta faɗa wani mazubi daban. Na tsaya ina kallonsa har aka kira la'asar, kuma daga wannan yammaci ban sake samun barci mai daɗi ba sai da na mallaki irinsa.

Yanzu ga inda abin yake yi mini ciwo. Kwana biyu bayan maganar zaure, wanda ya zo taya gonar ba baƙo ba ne, Yaya ne, babban ɗan Baffa. Ya zo da dillali da farashinsa a baki, ya ce gara ta tsaya a cikin gida da ta fita waje, ni kuma kunya da gaggawa suka hana ni neman wani mai saye, na sallama a kan abin da kowa ya san bai kai darajarta ba. Ban taɓa cewa Baffa ya san da wannan shiri ba, kuma ba zan faɗa ba yanzu da ƙasa ta rufe idonsa. Abin da na sani kawai shi ne, an gargaɗe ni a kan sayar da gona a wani zaure, an kuma ƙirga mini kuɗinta a zauren nan dai. Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari, cewa kawai ta yi, "Wannan yaro, ka dai riƙe takardar shaida," ta juya fuskarta bango.

Wannan ya faru ne bayan kakar 2008, shekarar da shinkafa ta yi tsada a duniya baki ɗaya. Ni a lissafina tsadar ita ce ƙofar da za mu shiga, ban yi la'akari da cewa gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta riga ta ɗage harajin shigo da shinkafa na wata shida ba, kuma kayan da aka shigo da su sun cika rumbunan kasuwar Singa. Amma ba wannan ne ya fara kayar da ni ba. Na kafa injin casa da na cire tsakuwa a wata rumfar kwano, ina jiran masu gumi su yi layi, sai suka zo sau ɗaya suka ɗauke ƙafa. Dalilinsu kuwa mai ƙarfi ne, ni ne ban hango shi ba: da kwano suke sayarwa, kuma a cikin kwano tsakuwa ma shinkafa ce. Buhun samfarera mai kilo 100 dama abin da yake bayarwa bai wuce kilo 60 da 'yan kai ba, ga shi ni kuma ina karɓar ƙarin kuɗi in rage musu awo, alhali mai saye a kasuwar ƙauye ba zai ƙara musu ko sisi ba. Wata tsohuwa daga cikinsu ta ce mini, "Ɗan nan, injinka yana da gaskiya, amma gaskiyarsa a jikinmu take ƙarewa."

Na yi wata huɗu injin yana zaune, ina goge shi da tsumma kowace safiya, kuma duk lokacin da na ga ɗan ja-ja a jikin wani ƙusa sai maganar Baffa ta dawo mini kamar yanzu yake faɗarta. Uwargida ce ta fitar da ni. Ta kwashi adashinta, ta haɗa da 'yan kunnen zinaren da aka yi mata na aure, ta ce in daina jiran a kawo mini casa, in sayi samfarera da kaina. Haka aka yi. Na riƙa saye daga hannun manoman Bunkure da Garun Malam, in ba mata su guma bisa sharaɗin a kan tamfol za a shanya, in biya su ladan aikinsu, in casa, in cire tsakuwa, in ɗure a buhuna in kai Dawanau da cikin birni. Mutanen da yau suke kirana Alhaji mai shinkafa ba su san cewa buhu goma na farko da 'yan kunnen mace aka saye su ba, kuma sai bayan shekara tara na iya mayar mata da irinsu.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu sosai. Injin ya lalace, na je Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, ya sake lalacewa, na sake komawa, yara suka shiga makaranta, Inna ta rasu.

Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne maganar da ake yaɗawa cewa rufe boda ne ya yi ni. Gaskiya ne cewa a 2015 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da shinkafa samun dala daga hannunsa, kuma a watan Nuwamba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. Gaskiya ne kuma cewa da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar da take biyowa ta Kwatano da Maraɗi ta ragu ƙwarai, har ta kai motoci suna kwana a ƙofar rumfata, masu sari suna biyan kuɗi kafin a casa. Ban musa ba, na samu, kuma a cikin watanni goma sha shidan nan kafin a buɗe iyakokin a Disambar 2020 na gina ɗakin ajiya, na sayi injin na biyu, na ɗauki ma'aikata. To amma bodar nan ai ba ni kaɗai aka rufe wa ba. Ruwan sama ya zuba a kan kowa, mai tulu a waje ne ya tara, kuma tulun nawa shekara goma sha ɗaya ya yi a rana ana yi masa dariya. Masu cewa sa'a ce, ina suke lokacin da nake goge ƙarfe da tsumma?

Na so a ce Baffa ya ga waɗannan watanni, amma Allah bai nufa ba. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga rumfar, kimanin shekara guda kafin rasuwarsa, a kan hanyarsa ta dawowa daga wata ta'aziyya. Ya tsaya yana dogara sandarsa a gaban injin, ya sa hannu a mazubin tsakuwa ya damƙo, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Duk wannan daga cikin abincin mutane ya fito?" Na ce, "E, Baffa, na yau kaɗai ke nan." Ya zuba tsakuwar a aljihun rigarsa ya fita. Bai sa albarka da baki ba, bai kuma janye maganarsa ta zaure ba, kuma na yi shekaru ina juya wannan damƙar tsakuwa a raina ban san a wane gefe zan ajiye ta ba.

Da hannuna ya yi ƙarfi, abu na farko da na yi shi ne na tura dattawa biyu wurin Yaya, na ce ya faɗi duk abin da yake so a kan gonar, ko ninki nawa ne, zan biya. Ya bar su suka gama bayani, sannan ya ce su gaya wa ƙaninsa gona ba abin sayarwa ba ce, ai shi ma ya ji abin da Baffa ya faɗa. Wannan amsa ta fi farashin da ya taya ta da shi yi mini zafi. Muna gaisawa, muna zumunci, 'yarsa ma a gidana ta yi karatun sakandare, amma idan zan je Kadawa nakan bi ta wata hanya don kada in wuce ta bakin magudanar.

Daga 2022 kuma sai abubuwa suka fara juyawa. Man dizal ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa manomi ya ƙi karɓar kuɗi ta waya, ni kuma ba ni da tsaba, na yi makonni ina kallon samfarera tana wuce ni. A ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin fetur, kuɗin dakon kowane buhu ya tashi. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, kuma da farashi ya fara sauka, ɗakin ajiyata cike yake da kayan da na saya da tsada. Ba na jin haushin talakan da ya samu sauƙi, ni ma ina da bakunan da nake ciyarwa, amma na sallami rabin ma'aikatana, kuma na san masana'antun da suka fi tawa girma da suka sa kwaɗo a ƙofa.

Injin cire tsakuwa na farko yana nan a bayan ɗakin ajiya, tun da sabon ya zo muka ture shi gefe, ruwan damina biyar ya dake shi. A watan jiya babban ɗana, wanda yanzu yake riƙe da littafin shiga da fita, ya same ni ya ce, "Baba, 'yan gwangwan sun taya tsohon ƙarfen nan, ai gara a karɓi kuɗin mu sayi dizal da ya zauna yana tsatsa." Bai san maganar zaure ba, lokacin yana goye. Na je na shafa jikin farantin, tafin hannuna ya yi ja, na ce masa a bar shi a inda yake, a nemo tamfol a rufe.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, zan koma baya in ba da labarin bashin da na ci don sayen injin na biyu, da mutumin da ya tsaya mini a lokacin da 'yan uwa suka noƙe.