Kafin a ce maka a sauke giyabos, a fara duba girisin sandar giya

A cikin motocin manuwal da ake kawo mana gareji da ƙorafin wai giya ta yi tauri, da yawa babu abin da ya samu giyabos ɗinsu, girisin da ke gindin sandar giya ne kawai ya bushe. Mai mota zai zo hankalinsa a tashe don wani ya riga ya ce masa sai an sauke giya, ko kuma kulocinsa ya tafi, alhali aikin na tsumma ne da buroshi da ɗan giris. Ni dai na saba wa yarana ba a taɓa ƙasan mota sai an yi gwaji tukuna.

Gwajin ba wuya. A kashe inji, a taka kuloci, a bi giya ɗaya bayan ɗaya har ribas. In a kashe ma tana tauri, kana jin kamar kana jan sandar cikin taɓo, ko ka kaita gefe ka saki ta ƙi dawowa tsakiya da kanta, to matsalar na sama ne, wato sandar da kebul ɗinta. Amma in a kashe tana shiga salin alin, da an tada inji sai ta fara gardama ko ta yi gurrr wajen shiga ribas, wannan kuma kuloci ne baya saki gaba ɗaya. In kuwa lamba ɗaya tak ce ke ƙara, misali lamba biyu in kana gudu, to sinkiro ne na cikin giyabos, wato zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin ta shiga, ko buhun giris ka juye ba zai yi komai ba. In har yanzu ina shakka sai in buɗe bonet in cire kawunan kebul daga jikin giyabos in sake kaɗa sandar, in ta ci gaba da tauri alhali ba ta haɗe da komai ai magana ta ƙare.

Su motocin ba iri ɗaya ba ne. Yawancin masu ja da tayoyin gaba kebul biyu ne ke tafiya daga sandar zuwa giyabos, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na gefe da gefe, wasu tsofaffi kuma rodi ne maimakon kebul. Masu ja da tayoyin baya da yawa sandar kai tsaye take shiga saman giyabos. Amma kusan duka akwai wata ƙwallo a jikin sandar da ke zaune cikin wani ɗan kofi na roba mai tauri, a nan take juyawa, kuma nan ne girisin kamfani yake tun ranar da aka ƙera motar. Shekara goma sha wani abu babu wanda ya leƙa wurin.

Idan ka cire kan giya, wasu murɗawa ake yi wasu kilif ne, masu zoben da ake ɗagawa kafin a sa ribas kuma a bi su a hankali don akwai ɗan sifirin a ciki da ke son tsalle ya ɓace ƙarƙashin kujera, sai ka ɗaga rigar giyar da murfin da ke kewaye. Abin da za ka gani ba giris ba ne kuma. Wani abu ne baƙi ko ruwan ƙasa, ya daskare ya yi ɓawo a gefen ƙwallon, in ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji yashi yashi, wani lokacin har da gashi da zare da duk abin da ya taɓa faɗawa ta inda rigar ta yage. Wannan haɗin ƙura da tsohon giris shi ke cin robar kofin a hankali duk lokacin da aka canja giya.

Shi ya sa nake faɗa da masu dangwalo sabon giris su shafa a kan tsohon su rufe. Kwana biyu zai yi laushi, mai mota ya yi godiya, amma yashin na nan yana aikinsa. Aikin gaskiya wankin ne, kusan duk lokacin a nan yake tafiya. A cire kilif ko notinan da suka riƙe ƙwallon, a zaro sandar, a goge da tsumma, a bi lungu lungu da tsohon buroshin haƙori har sai robar ta fito da asalin kalarta. Ƙarfe zalla ba damuwa a wanke shi da mai wanke birki, amma bana bari a fesa shi kan roba don wani yana cinta ko ya sa ta tsage. Kuma kafin a kwance komai na kebul a ɗauki hoto da waya, a sa alama a inda saitin yake, in ba haka ba ka gama aiki mai kyau lamba biyar ta ƙi shiga kana ta neman dalili.

Sai maganar wane giris. Inda roba take haɗuwa da ƙarfe, kamar kofin nan da bushin, wato ƴan robobin da ke kawunan kebul, girisin silikon na fi so ko wani na sintetik da aka rubuta a jikinsa cewa baya cin roba, saboda girisin da aka yi da man fetur yana kumbura wasu robobin masu laushi. Inda ƙarfe ne kan ƙarfe, farin girisin litiyam ko mai sinadarin moli (molybdenum) ya yi. Kaurin da aka saba shi ne NLGI 2, zaka gani a jikin gwangwanin. WD-40 kuma don Allah a bar shi a aikinsa na kwance noti mai tsatsa, ruwa ruwa ne, zai wanke ɗan girisin da ya rage sannan ya bushe ya barka a inda ka fi da muni. Baƙin mai ma haka, zuba zai yi ya ɓata kafet ya tara ƙura. Kuma ba a cika shi, shafawa ake da yatsa ya rufe ƙwallon ko ina, abin da ya tumbatso waje a goge.

Cikin kebul ɗin kansa bana ɗura masa komai, yawancinsu akwai shimfiɗar roba mai santsi a ciki, in ya fara kamawa ko wayar ta fara warwarewa canja shi ake. Kawunansa na wajen giyabos dai a duba su da kyau tunda su ke shan zafin inji da ruwa da laka.

Abin da giris baya gyarawa shi ne lilo. In mota na cikin giya amma sandar na yawo hagu da dama kamar tana firi, bushin ne ya cinye ko kofin ya fashe, tunda an riga an buɗe wurin gara a canja lokaci ɗaya, da rigar giyar ma in ta yage. Wani mai motar zai ce a bar bushin sai wani zuwan, sai in nuna masa da idonsa yadda robar ta ragargaje, yawanci da kansa yake cewa a sa sabo.

In an mayar da komai muna sake bin giya duka a kashe, sannan a fita da motar a gwada. In da safe ne kawai take tauri ta saki in ta ɗau zafi, sai mu koma kan man giya, a duba ko ya yi ƙasa ko an zuba wanda ba nata ba, don akwai giyabos da littafinsu ya ce man giya mai lamba GL-4 amma a zuba musu GL-5, wannan kuma wani aikin ne daban da ake yi daga ƙasan mota.