Kafin ka saya wa karenka abin tauna, ɗan ji ta bakina

Samarinmu da yawa yanzu sun shiga kiwon manyan karnukan nan na gadi, su Boerboel da Rottweiler da German Shepherd da Caucasian, kuma ni ban ga laifinku ba, yadda sha'anin tsaro ya koma kowa neman abin da zai tsare masa gida yake. Abin da ke damuna shi ne sai ka ga yaro ya tara kuɗi ya sayi kwikwiyo, ya yi masa keji, ya kai shi allura, amma babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa dabbar nan fa tauna a jininta take, in ba ka ba ta abin taunawa ba ita za ta nemo da kanta, kuma wlh ba za ta zaɓi abin da kake so ba. Kwikwiyo haƙora 28 gare shi, daga wajen wata huɗu suke fara zubewa, kafin ya kai wata bakwai manya guda 42 sun fito, to a tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake masa ba dare ba rana. Wasu in sun girma abin ya lafa, wasu kuwa irin karena Duna har tsufa suna nan da halinsu.

Ni da farko tsohon silifas da gorar ruwa nake wurga masa, sai 'yan robobin nan masu arha da suke ƙara in an matsa. Kada ku yi. Kare bai san bambancin tsohon takalmi da sabo ba, duk ƙamshin ƙafarka yake ji, ranar da ya cinye takalmin sallar Juma'ar babanku kai ka koya masa. Robobin masu ƙara kuma, kafin ka juya baya ya farke cikin ya ciro ɗan abin busar, daidai maƙogwaro yake wannan abin.

Da na ga komai yana yagawa sai na ce to bari in kawo masa wanda ba zai iya ba, kuma nan ne na yi ɓarnar da har yau take min ciwo. Na je wajen mahauta na karɓo ƙashin ƙafar saniya, wancan mai kaurin, wani lokacin kofato, har ƙaho na taɓa ba shi, ina jin daɗi wai na samu mafita tunda yana kwana yana gurgura abin bai ƙare ba. Ashe abin da bai karye ba shi ke karya haƙori. Na fara lura in yana cin abinci sai ya karkata kai gefe ɗaya, loma tana faɗo masa daga baki, in na kai hannu kusa da kumatunsa na dama sai ya janye, shi da yake son a shafa shi. Da likitan dabbobi ya ɗaga leɓensa na sama ya haska min da tocila, babban haƙorin nan na can baya da suke datsa nama da shi, gefensa ya ɓalle fal kamar an ɓanɓare bakin tangaran, ga wani ɗan ja a tsakiya, ya ce jijiyar kenan a buɗe. Sai da aka yi masa allurar barci aka cire haƙorin. Kare ba ya kuka da ciwon haƙori yadda mu muke yi, haƙuri yake yi yana ci a haka, ni kuma ina ganin yana ci na ɗauka lafiya lau.

Likitan ne ya ba ni ma'aunin da nake aiki da shi har yanzu. Ka danna abin da farcen babban yatsanka, in bai ɗan lotsa ba ko kaɗan to ya yi wa haƙori tauri, ka ajiye. Ƙashin saniya, ƙaho, kofato, da wasu robobin masu tauri kamar dutse da ake sayarwa da sunan na karnuka masu ƙarfin baki, duk sun faɗi wannan jarabawa. Dafaffen ƙashi kuma matsalarsa daban, na kaza ko ragowar farfesu ko balangu, wuta ta busar da shi, in ya tauna tsagewa yake yi tsini-tsini ya je ya soki hanji. Ga kuma albasa da tafarnuwa da ke cikin romon, su ma guba ne ga kare, suna lalata masa jini.

Sannan don Allah ku kula da totuwar masara, musamman da damina da ake gasa masara ko'ina a ci a yar a tsakar gida. Kare yana sonta, yana iya haɗiye guntunta, kuma ba ta narkewa a ciki, zuwa take ta toshe hanji sai an yi tiyata. Ƙwallon mangwaro ma haka. Wani maƙwabcinmu a haka ya rasa nasa, yana ta ba shi jiƙe-jiƙe yana cewa tsutsar ciki ce. Igiyar nan mai ƙulli ta wasan ja ita ma ba abin barin kare da ita shi kaɗai ba ce, zare-zare yake tsinka yana haɗiyewa, in dogon zare ya shiga hanji tattare shi yake yi yana yanka.

To me za ka saya? Roba ta asali mai kauri, wadda take lotsawa ta dawo amma ba ta yagewa. Wadda aka fi sani a duniya ita ce KONG, kuma labarinta ma daga kare mai irin wannan halin ya samo asali. Wani Ba'amurke mai suna Joe Markham yana da German Shepherd sunansa Fritz wanda duwatsu yake tauna har haƙoransa suna lalacewa, wata rana yana gyaran motarsa Volkswagen sai karen ya samu wata roba ta ƙarƙashin motar ya maƙale mata, daga nan mutumin ya ƙera abin wasan, a 1976 aka fara sayarwa. Kala-kala suke yi kuma kalar ba ado ba ce. Shuɗi da ruwan hoda masu laushi na kwikwiyo ne, ja na kare mai matsakaicin ƙarfin baki, baƙar ita ce ta masu ƙarfin baki. Ni ja na fara saya saboda ta fi sauƙin kuɗi, bai daɗe ba ya gutsure kanta, kuɗin ya tafi a banza, da na sani da baƙar na ɗauka tun farko. Akwai wani kamfanin kuma Goughnuts, nasu zobe ne da sanda, sun saka ja a can ciki, in ka ga jan ya bayyana ka san lokacin ƙwacewa ya yi.

Girma ma ka duba. In abin zai iya shigewa bakinsa gaba ɗaya har bayan haƙoran baya to ya yi ƙarami, gara ya yi masa girma. In mai rami ne a ciki ka tabbatar ƙofa biyu gare shi, sama da ƙasa, don mai ƙofa ɗaya yana iya zuƙe harshen kare ya riƙe har ya kumbura. Kuma jabu sun cika kasuwa da intanet, za ka ji shi shafal a hannu, yana warin fetur, farashin kuma ya yi arhar da kai ma ka san da walakin. Tsohuwar taya da wasu ke rataya wa karnuka ni ban yarda da ita ba, ta mota akwai wayar ƙarfe a cikinta. Ƙwallon tanis kuma a jefa ya ɗauko ne kawai a karɓe, gashin jikinta yana riƙe yashi ya goge haƙori a hankali, babban kare kuma yana iya fasa ta ko ta maƙale masa a wuya.

Wani abin da na daɗe ban gane ba, na ɗauka in na sayi robar na jefa masa shikenan na gama nawa. Ya shinshina ya bar ta ya koma kan tiyon ruwa. Ramin nan na ciki don abinci aka yi shi. Ka jiƙa abincinsa ka cusa, ko dafaffen dankalin Hausa da ƙwai, ka toshe bakin da 'yar tunkuza wadda ba a sa mata yaji ko gishiri ba, kaɗan fa don mai gare ta. In ana samun wuta a unguwarku ka sa a firiza ta daskare, da zafin nan na bazara sai ka ga ya kwanta a inuwa yana ta lasa yana juya ta da ƙafa, hankalinsa kwance. In man gyaɗar kwalba na kanti za ka sa, ka karanta jikin kwalbar, in ka ga an rubuta xylitol, wani sinadarin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, kada ka kuskura, ɗan kaɗan yana iya kashe kare.

Kai ma sai ka shiga wasan. Yawancin ɓarnar da karnukan nan suke yi zaman kaɗaici ne, an ɗaure dabba mai ƙarfi yini guda a keji ba ta da aikin yi. Da sassafe ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi ka fito da shi, ku yi wasan ja da zoben roba, ka koya masa kalma ɗaya, ni "saki" nake cewa, in ya saki ka yaba masa ka sake ba shi. Wannan kalmar ranar da ya ɗauki abin da zai cutar da shi za ka san amfaninta. Kada kuma ka zube masa kayan wasan duka lokaci ɗaya, ka ɓoye wasu kana canja masa, in ya kwana biyu bai ga abu ba sabo yake koma masa.

Ka riƙa ɗaukar robar kana dubawa, in ta fara tsagewa ko wani yanki ya ɓace ka jefar, kada tsadarta ta sa ka ji tausayin kuɗin, tiyata ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Kada ka bar ta a rana tana gasuwa, roba bushewa take yi ta farfashe. Wanki kuma ka ware mata bokitinta da sosonta can gefe, kada ta haɗu da kwanukan gida, ka san yadda iyayenmu suke da yawun kare kuma suna da gaskiyarsu.

In ka ga yana amai a kai a kai, ya ƙi abinci, yana yunƙurin kashi ba ya fita, ko in ka taɓa cikinsa ya yi ƙara, kada ka jira gobe, kada ka ba shi farasitamol ko wani maganin mutane, ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, ka tafi da ragowar abin da ya tauna likita ya gani. In kuma zare ka gani yana leƙowa ta bayansa kada ka ja, ka bar wa likita.