Abin da na koya a Jami'ar Howard

Lokacin da na sami gurbin karatun digiri na biyu a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton, ban ɗauki kasancewarta jami'ar baƙaƙen fata a bakin komai ba, domin ni da na tashi a Zariya, tun daga firamare malamaina da abokan karatuna duk launinmu ɗaya. Na kuma tafi ɗauke da wata jita-jita da na sha ji a wurin wasu 'yan ci-rani, wai baƙaƙen Amurka ba su damu da karatu ba. Har yau ina jin kunyar na taɓa ba wannan magana gurbi a zuciyata.

An kafa Howard a 1867, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka, aka sa mata sunan Janar Oliver Otis Howard, shugaban hukumar da ke kula da 'yantattun bayi. Kafin nan, doka a jihohin kudu da dama ta haramta a koya wa bawa karatu da rubutu. Na karanta wannan tarihi tun da wuri, amma bai ratsa ni ba sai ranar da wani abokin karatuna, mutumin Alabama, ya ba ni labarin kakarsa. A makarantar baƙaƙe zalla ta yi firamare, kuma littattafan da ake raba musu tsofaffi ne da makarantar turawa ta gama da su, wasu shafukan sun yage, sunayen 'ya'yan turawa na rubuce a bangon ciki. Shi ne na farko a danginsu da ya shiga jami'a, kuma sau da yawa nakan bar shi a ɗakin karatu na Founders da tsakar dare, yana kife a kan takardunsa.

Malaman ba su da sassauci ko kaɗan. Wata farfesa ta dawo mini da maƙalata ta farko jawur da jan biro, ta zaunar da ni fiye da awa guda tana bin ta jimla bayan jimla, sannan ta shaida mini cewa a waje za a yi shakkar aikina tun kafin a karanta shi, don haka ba za ta bar ni in fita da aiki mai ɓaraka ba. Daga baya na gane cewa wannan tsanani gado ne a makarantar. Da irinsa malamin shari'a Charles Hamilton Houston ya horar da ɗalibinsa Thurgood Marshall, wanda ya zo Howard saboda sashen shari'a na Jami'ar Maryland, a jiharsu, ba ya karɓar baƙaƙe. Marshall ya kammala a 1933, ya yi nasara a matsayin lauya a shari'ar 1954 da ta soke wariyar launin fata a makarantun gwamnati, kuma a 1967 ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli.

Mu ma 'yan Afirka mun sha daga wannan rijiya, ko da yake ba kasafai muke ambato ba. Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a Howard a hannun William Leo Hansberry, malamin da ya fara koyar da tarihin Afirka a can tun 1922, a zamanin da manyan jami'o'in turawa ke cewa nahiyarmu ba ta da tarihi.

Ranar bikin kammala karatu, a watan Mayu, kakar abokin nan nawa ta zo daga Alabama a keken guragu, sanye da farar hula mai faɗi irin ta zuwa coci. Da ya durƙusa ya miƙa mata takardar shaidarsa, sai ta gyara tabarau, ta ɗora yatsa a kan sunansa, ta karanta shi a hankali har sau biyu, sannan ta ƙi sakin takardar har aka watse.